Kano, Dakar, Faransa ko Santambul: ina ɗalibin tarihi na Damagaram zai nufa?

Ƙannena da ke shekarar ƙarshe ta lisans a Jami'ar André Salifou sukan tambaye ni ƙasar da ta fi dacewa su je mastar. Ni kuwa nakan mayar musu da tambaya: me za ka rubuta a kai, kuma takardun abin suna ina? Karatun tarihi ba kamar na likita ba ne da za a auna shi da kayan aiki. Kuɗin da za ka kashe, kusanci da kundaye kake saye, sai malamin da zai karanta aikinka, sai kuma harshen da za ka ƙaru da shi.

Mu fara da maƙwabtanmu na Najeriya, tunda su aka fi rainawa. Daga Zinder zuwa Kano kimanin kilomita 240 ne, ka bi ta Matameye ka tsallaka zuwa Daura, yini guda ka isa. Wanda zai yi bincike kan Damagaram ta zamanin Sarki Tanimu, ko fataucin da ya haɗa Zango, unguwar fatake ta Zinder, da kasuwar Kurmi ta Kano, ko zaman doya da manja tsakanin Damagaram da Kano da Borno, to rabin labarinsa yana can kudu. Akwai Jami'ar Bayero a Kano, akwai Ahmadu Bello a Zariya wadda sashen tarihinta ya yi suna tun zamanin Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, akwai Arewa House da aka kafa a Kaduna a 1970 da rubuce-rubucenta na Larabci da ajami, ga kuma gidan ajiyar takardun gwamnati duk a Kadunan. Wanda ya karkata ga jihadin 1804 sai ya ƙara da Sakkwato. Abinci namu ne, magana tamu ce, tsohon da za ka yi hira da shi ba ya buƙatar tafinta, kuma wanda ke riƙe da sefa ba ya shan wuya sosai a kasuwar naira.

Amma fa a aji da Turanci za a yi, kuma da shi za ka rubuta kundinka. Ɗan Turancin lise ba ya kai mutum ko'ina, sai ka ware watanni ka gyara shi. Digirin farko a can shekara huɗu ne, namu uku, don haka ka tambayi sashen tun kafin ka biya ko sisi yadda za su ɗauki lisans ɗinka. Sannan yajin aikin malamai: na 2022 wata takwas ya ci. In ka dawo gida kuma da sauran zirga-zirgar neman a daidaita takardarka da tamu kafin ka shiga gasar ɗaukar aiki.

Dakar ita ce zaɓin mai son zamanin mulkin mallaka. Can ne hedikwatar Faransawa ta Afirka ta Yamma take, saboda haka rahotannin da gwamnoni suka riƙa aikawa daga nan, har da na shekarun da Zinder ke babban birni kafin a mayar Yamai a 1926, suna ajiye a gidan kundayen Senegal. Ga Jami'ar Cheikh Anta Diop da cibiyar bincikenta ta IFAN. Kuɗi iri ɗaya, harshen karatu ɗaya, tsarin lisans da mastar ɗaya, takardarka kuma ba ta sha tambaya idan ka dawo. Abin da ke karya ɗalibi a Dakar hayar ɗaki ne, da cunkoson da zai sa ka yi ta bin malami kafin ya duba maka babi guda.

Faransa kowa ita yake mafarki, kuma ba a banza ba. Kundayen ƙasashen da suka mallaka suna Aix-en-Provence, na soja suna Vincennes, kuma wanda zai tono kisan Kyaftin Cazemajou, hafsan sojan Faransa, a Zinder a 1898, da yaƙin Tirmini na 1899, da tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa a 1906, wata rana sai ya taka can. Sai dai a yi lissafi da idon basira. A 2019 aka sa wa ƴan ƙasashen wajen Tarayyar Turai kuɗin mastar yuro 3,770 a shekara, wato kusan sefa miliyan biyu da rabi, kodayake wasu jami'o'in sun riƙa yafe mafi yawansa. Ba a zo kan ɗaki da abinci ba tukuna. Ofishin jakadancinsu na Yamai kuma a rufe yake tun farkon 2024, don haka maganar biza ta zama doguwar tafiya. A ganina, a bar Faransa sai an kai matakin dakta, a je wata uku ko huɗu a ɗauki hotunan takardu a dawo. Zaman shekara biyu da kuɗin gonar baba bai kamata ba.

Maroko da Aljeriya suna ba ƴan Nijar guraben karatu, kuma ta ANAB, hukumar tallafin karatu ta Nijar, ake bin yawancinsu. Sun dace da wanda ya taso da Larabci daga makarantar allo ko madarasa, domin da shi ake koyar da tarihi a mafi yawan sassansu.

Turkiyya ce na ga ana wucewa ba a kallo. Tallafin Türkiye Bursları yana ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da tikitin jirgi, ana cikewa ta intanet a farkon shekara, sai dai shekara guda za ta tafi a koyon Turkanci. Ribar tana Santambul, inda kundayen daular Usmaniyya suke. A wancan zamani, ayarin fataken da ke tasowa daga Tarabulus ta Gadamas su sauka Zango daga ƙasar da ke hannun Turkawa suke fitowa. Amma da tsohon Turkanci aka rubuta takardun, da baƙaƙen Larabci, koyonsa aiki ne na daban. Wanda ya iya karatun ajami ya riga ya rage hanya.

Ko ina ka zaɓa, kada ka tashi hannu sake. Ka fara zama da dattawan Birni da na fada ka naɗi maganarsu, ka leƙa sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, ka tsara batunka a shafi biyu. Sannan ka rubuta wa malamin da kake so ya duba aikinka tun kafin ka nemi gurbi. In wata biyu suka wuce bai amsa ba, ka nemi wani.