Sensa ta biyu a injin rotari na jirgin haɗin gida: wacce za ka saya, kuma a hannun wa

Ƙaramin jirgin da ke tashi da injin Lycoming yana da magneto biyu, kowanne yana ba filogi wuta da kansa ko da batir ya mutu. Wanda ya ciro injin rotari na Mazda 13B daga motar RX-7 ko RX-8 ya dasa a hancin jirgin da ya haɗa a garejinsa, kamar yadda wasu ke yi a nan Amurka, ba shi da wannan gatan. Wutarsa da mansa duk kwamfuta ce ke raba su, ita kuwa kwamfutar ba ta san inda sandar inji take ba sai abin da wata ƴar sensa ta gaya mata. Makanikai na ce mata sensar kiranshaf, ko da yake rotari ba shi da kiranshaf irin na injin fistin, wata sanda ce mai doro biyu da rotocin ke juyawa a kai. Injin na juyi 6,000 a minti, wato sau 100 a daƙiƙa, kuma a kowane juyi kowane roto yana son wuta sau ɗaya. Ran da sensar ta yi shiru, inji ba ya tari ba ya gargaɗi, ɗauke wuta yake yi nan take. A mota sai ka gangara gefen titi. A sama kuwa sai neman gonar sauka.

Kafin maganar saye, akwai ruɗanin da na sha ji a bakin masu haɗi. Wani zai ce ai injinsa sensa biyu gare shi tun daga kamfani. Gaskiya ne RX-7 ta 1986 zuwa 1991 tana da wani kwanso da giya ke juyawa a mazaunin distiributa, da idanu biyu a ciki, ɗaya na karanta haƙora 24, ɗaya na karanta 2. RX-7 da ta biyo bayanta ma sensa biyu ne a gaban fuli. Amma aikinsu ba ɗaya ba ne: ɗaya na ƙirga juyi, ɗaya na nuna inda za a fara ƙirgar. Kowacce ta mutu, an shiga uku. Injin Renesis na RX-8 shi bai ma ɓoye ba, sensa ɗaya ce tal a kan faifai mai gurbin haƙora 36 da aka cire bibbiyu a wurare uku.

Abin da na zaɓa, kuma shi nake ba kowa shawara a kai, shi ne a ƙara sensa ta asali irin mai waya biyu, wadda ake kira VR, a kan faifan haƙoran da ke nan, da nata mariƙi, da tata waya, tana kai saƙo ga tata kwamfutar. Dalilina na farko sauƙin cikinta ne. Ba komai a ciki sai maganaɗisu da siririn tagulla da aka naɗe. Ba ta jan wuta daga batir, haƙori ya gifta ta gabanta ita ke haifar da siginar da kanta, kuma gwargwadon gudun inji gwargwadon ƙarfin siginar. Rauninta yana lokacin tayarwa ne, sa'ad da sitata ke juya inji a hankali, wato kana ƙasa. A sama inda rai yake, nan ta fi ƙarfi. Injin rotari kuma zafi ne da shi, salansarsa ta fi ta injin fistin ƙuna nesa ba kusa ba, abin da ba shi da ƙananan kayan lantarki a ciki ya fi jure zaman wannan wurin.

Aikin yana wajen mariƙi. Gurbi 36 na nufin kowane haƙori digiri 10 ne, don haka duk inda ka kafa ta biyun dole kwamfutarta ta san tazarar da ke tsakaninta da ta farko. Idan kwamfutar na barin a canza wannan lamba, shi ke nan. Idan ba ta bari, akwai dabarar da na fi so: rotoci biyun digiri 180 ne tsakaninsu, to in wuri ya samu ka kafa sensar daidai kishiyar ta farko, sai ka musanya wayoyin koyil da na injekta tsakanin roto na ɗaya da na biyu a wannan kwamfutar. Famfon ruwa da altaneta kan tare hanya, sai ka auna naka kafin ka yanka ƙarfe. Mariƙin ya zama mai kauri, noti biyu aƙalla, a ɗaure su da wayar kulle irin ta jirgi. Tazara tsakanin bakin sensa da haƙori kusan milimita 1 ce, mariƙin da ke rawa zai riƙa buɗe ta yana rufewa, kwamfuta ta ɓata ƙirga. Wayoyin sensar guda biyu kuma in ka juya su inji zai iya tashi, amma tayimin, wato lokacin ba filogi wuta, zai riƙa zamewa yayin da gudu ke ƙaruwa, kuma rotari ba ya yafe wutar da ta zo da wuri, siraran ƙarafan da ke kusurwar roto ne ke karyewa. Sai ka sa fitilar tayimin ka duba kowace kwamfuta daban, a silo da kuma a gudun tashi.

Aibin wannan tsarin ɗaya ne, ba zan ɓoye shi ba. Sensa biyun suna zaune kusa da bel. Bel ɗin altaneta in ya tsinke yana bulala, zai iya share wayoyin duka a lokaci guda. Maganinsa a rufe kowace waya da garkuwar ƙarfe, ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu, kada su haɗu a rami ɗaya wajen ratsa bangon wuta, wato bangon da ya raba inji da matuƙi.

Wanda wannan ya hana shi barci, zaɓi na biyu shi ne sensar Hall mai waya uku da ke karanta ƙananan maganaɗisu da aka dasa a filawil, can bayan inji nesa da bel. Kamfanin SDS na Kalgari a Kanada ya daɗe yana amfani da irin wannan tsari. Siginarta tsaf take ko inji na juyi a hankali. Ni dai abin da ya sa na bar ta, tana buƙatar wuta kafin ta yi aiki, kuma haƙa rami a abin da ke juyi 6,000 ba aikin da zan yi a gareji ba ne. Tsofaffin kwansunan RX-7 na 1986 zuwa 1991 kuwa mafi ƙuruciyarsu ya haura shekara 30, ban ga dalilin jingina rai da shi ba. Raba wayar sensa ɗaya zuwa kwamfuta biyu bai ƙara komai ba. Sensa biyu a kan makunni guda zuwa kwamfuta ɗaya kuma makunnin ne ya zama sabon abin tsoro.

Game da kwamfutar, Tracy Crook, wanda ya daɗe yana tashi da jirgin haɗin gida RV-4 mai injin 13B, ya ƙera na'urar sarrafa inji EC2 da kwamfuta biyu a akwati ɗaya, A da B, matuƙi na zaɓa da makunni. Kowace iri za ka saya, sabuwa ko ta hannu, tambayar farko ita ce: kowane ɓangare yana da tasa ƙofar sensa, ko daga waya ɗaya suke sha? Ka nemi zanen wayoyin ka gani da idonka, kada ka tsaya ga abin da mai sayarwa ya faɗa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na zauna rubutun nan. Jabun sensa sun cika intanet. Na taɓa sayen guda biyu a hannun wani mai sayarwa, cikin kwali mai tambari da lambar kaya, kuɗinsu bai kai rabin na dila ba. Na auna su da mita a sanyi, lafiya lau. Muka ɗaure jirgin a ƙasa muka tayar, ya yi ta aiki sumul har inji ya ɗauki zafi sosai, sai ya mutu kamar an zare mukulli. Ya huce, ya tashi. Ya yi zafi, ya sake mutuwa. Na zargi famfon mai, na zargi koyil, na kwance wayoyi rabi, kwana da kwanaki. Ashe tagullar cikin sensar ce ke rabuwa in ta ji zafi, ta koma ta haɗe in ta huce. Da a ce bayan tashi da minti 20 hakan ta faru fa? Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Ta biyun kuma, wadda na saya don ta zama mai ceto, daga kwali ɗaya ta fito.

Kama da wane ba ta wane. Masu jabu sun iya kwali, sun iya tambari, har takardar ciki suna bugawa. Abin da kan tona su shi ne nauyi a hannu, da kaushin roba a wurin haɗi, da rubutun da ke gogewa da farce, da maganaɗisun da ba ya riƙe sukudireba da ƙarfi. Hoton da aka saka a talla ba hujja ba ne, sau da yawa na asali ake ɗauka a aiko maka wani. Kalmar “daidai da na asali” ma ka ji tsoronta. Taurarin yabo da ke ƙarƙashin talla kuwa masu mota ne suka bayar, mako ɗaya bayan sun ɗaura, ba wanda ya gasa ta a ƙarƙashin murfin jirgi. Ka saya a wajen dilan Mazda da lambar kaya, ka ajiye rasit. Ni na fi yarda da tsohuwar asali da na ciro da hannuna daga motar da ta yi haɗari a kan sabuwa da ban san mafarinta ba. Kada ka sayi biyun a rana ɗaya a wuri ɗaya. Kowacce ta zo, ka maƙala mata mita mai auna ohm, ka hura mata iska mai zafi har ta kai wajen digiri 100 na Salsiyas, kana ɗan ƙwanƙwasa ta kana lanƙwasa wayar a bakin soket. Lambar za ta ɗan hau a hankali saboda zafi, wannan ba laifi. In ta yi tsalle ko ta ɓace ko sau ɗaya, jefar da ita, kada ka bar ta a akwatin kaya wani ya tsinta.

Bayan ka ɗaura, ka duba takardar sharuɗɗan jirginka. A Amurka jirgin haɗin gida mai injin mota yakan yi awa 40 na gwaji kafin ya ɗauki fasinja, kuma babban canji kan mayar da shi gwaji na aƙalla awa 5. Ni kafin kowane tashi nakan juya zuwa A in saurara, in juya zuwa B in saurara, kamar yadda masu magneto ke yi. Gwajin farko kuwa a ƙasa, jirgi a ɗaure, inji da zafinsa: ka zare soket ɗin sensa ta farko inji a kashe, ka tayar a kan ta biyu, ka ba shi wuta har gudun tashi, sannan ka maimaita da ɗayar.