Hattara da masu cewa za su buga maka pepar bincike a Scopus, ni dai an ci ni 380,000

Wlh tun jiya nake rubutawa ina gogewa saboda kunya, amma gara in faɗa. Naira 380,000. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina musu faɗa kan satar rubutu, ni aka yi wa sakiyar da ba ruwa.

Kuma kar wani ya zo min da cewa son banza ne ya ja min, aikina ne na kaina, damina biyu ina bin manoma da takardar tambayoyi, data ɗina ne, lissafina ne. Turancin kawai nake so a gyara a samo min jonal (mujallar bincike) da ke cikin Scopus, wato rumbun da ke jera jonal ɗin da aka tantance, saboda firomoshan ya matso. A wani guruf na WhatsApp na gamu da mutumin da ya ce zai yi min wannan aikin, malamai sun fi ɗari a ciki, har da manya, to wa zai kawo wani abu a ransa?

Abin da ya kasa fita a kaina shi ne voice ɗin da ya turo, ya yi sallama tiryan-tiryan ya ce “Dakta kai ɗan uwa ne, ka sa 150,000 kawai, sauran sai ka ga takardar karɓa da idonka.” Sai ka gani da idonka fa ya ce. Na saurara ya fi sau goma. Ɓarawo ne zai ce ka riƙe sauran kuɗinka? A nan na saki jiki.

Kwana 9 sai ga takardar karɓa, wai jonal ta karɓi pepar, da tambari da komai, na tura 230,000. Au, kafin nan ma ya kira ni ya ce rifiwa, wato masanan da ke duba pepa kafin a buga, sun yaba, ba gyara ko ɗaya, har na yi hamdala. Yanzu nake tambayar kaina wace jonal ce ke duba pepa cikin kwana 9 ba ko waƙafi da za a taɓa.

Wani abokina da ke aiki a laburare ne ya tona asirin, ya sa DOI ɗin, wato lambar da ake gano pepa da ita a intanet, a doi.org bai buɗe ba. Ashe shafin jonal ɗin na bogi ne, sun kwafi suna da lambar rajista (ISSN) na wata jonal ta gaske suka buɗe nasu. Sai a lokacin na zauna na karanta abin da aka sa sunana a kai, gabana ya faɗi. Mutumin nan cikin ChatGPT ya zuba aikina gaba ɗaya. References 41, wato ayyukan wasu da aka kafa hujja da su, guda 14 babu su a duniya, sunayen marubutan na gaske ne amma pepocin ƙirƙira ce. A shafi na 6 har akwai layin da manhajar ke cewa ita ba ta da damar ganin sabbin bayanai, ko gogewa bai yi ba!!

Ni ba na gaba da ChatGPT, ina gyara nahawu da shi. Elsevier masu Scopus ɗin ma ba su haramta ba, sun ce dai ka bayyana ka yi amfani da shi, kuma tun 2023 COPE, ƙungiyar da ke kula da ɗa'ar buga bincike, ta ce AI ba ya zama marubuci tunda ba ya ɗaukar alhaki. Wato ƙaryar nan 14 a wuyana take, da ta shiga fayil ɗina gaban kwamitin firomoshan da yanzu wani zance ake yi.

Na kira, a kashe. Ya yi blokin ɗina, admin kuma wai shi ma bai san shi ba. Sikirinshot na alat biyun da voice ɗin duk suna nan, zan ɗora da daddare in na rufe lambobin akawu.

Ku shiga shafin Scopus da kanku ku bi adireshin jonal daga can, ku danna kowane DOI, kar ku ba kowa fayil ɗinku.

150,000 da 230,000. Na biyun ma a kofaretib na ranto, ƙarshen watan nan za su fara cira a albashi, kuma har yanzu ban iya faɗa wa maman yara ba.