Kayan haɗa shayin matcha: wanne za a saya, wanne za a bari

Wanda zai fara haɗa matcha, wato garin koren ganyen shayi, yadda ake yi a zaman shayin Japanawa, kwano yake fara nema, domin shi ke ɗaukar ido. Shawararmu ita ce a fara kashe kuɗin a kan chasen, ɗan maburgin gora da ake kaɗa shayin da shi, don a hannunsa gyaruwar shayi ko ɓacinsa take.

Daga guntun gora ɗaya ake yin chasen: a tsattsaga shi tsinke-tsinke, a kankare bakin kowane tsinke har ya yi laushi, sannan a ɗaure gindin da zare. Wanda aka fi amincewa da shi shi ne na Takayama da ke birnin Ikoma a lardin Nara, inda aka shafe kimanin shekara 500 ana wannan sana'a da hannu. Masu araha da suka cika kasuwannin intanet suna aiki, sai dai tsinkayensu kan yi kauri da tauri, su riƙa karyewa da wuri, ɓarɓashin ya faɗa cikin shayi.

Za ka ga an rubuta 80, 100 ko 120 a jikin kwalin. Ƙiyasin yawan tsinkayen ke nan, ba lalle ya cika cif ba. Irin shayin da za ka sha shi zai zaɓa maka. Idan usucha ne, mai ruwa-ruwa da kumfa, ana zuba gari giram 2 cikin ruwa mililita 60 zuwa 70 mai zafin digiri 80, kuma mai lamba 80 ya wadatar. Mai 100 ya fi saurin tada kumfa a hannun sabon shiga, amma ya fi saurin lalacewa. Koicha kuwa, mai kauri, gari wajen giram 4 ne a ruwa mililita 30 zuwa 40. Shi ba a kaɗa shi, cuɗa shi ake yi a hankali, saboda haka yana son chasen mai tsinkaye kaɗan masu ƙarfi. Ka sa mai 120 a koicha, ka gama da shi.

Launin gorar ya danganta da makarantar zaman shayi da mutum ke bi, wato gidan da ya gaji koyar da wannan al'ada. 'Yan Urasenke farar gora suke amfani da ita, kuma suna son kumfa ta rufe fuskar shayin gaba ɗaya. 'Yan Omotesenke sun fi son gorar da hayaƙi ya rina, kumfarsu kaɗan ce. Na Mushakojisenke baƙar gora ce. Wanda ba ya bin wata makaranta ya ɗauki fara.

Kwano, wato chawan, ba sai mai tsada ba. Ka nemi mai faɗin kusan santimita 12 da shimfiɗaɗɗen ciki, yadda chasen zai samu wurin kai da komo. Mai tsukakken gindi yana tara gari a lungu. Kwanon Raku, wanda aka fara yi a Kyoto a ƙarni na 16 zamanin shahararren malamin zaman shayi Sen no Rikyu, ba shi da nauyi kuma ba ya ƙona hannu, amma yana tsotsar ruwa, yana saurin fashewa. Kwanon Hagi ma yana shan shayi har launinsa ya canza da shekaru, abin da masu sonsa ke nema ke nan. Na farawa ya fi kyau ya zama mai santsin ciki, mai sauƙin wanki.

Abin da ake yawan mantawa shi ne ƙaramar rariya, alhali ita ce mafi arha. Garin matcha yana dunƙulewa a gwangwani, in ba a tankaɗe shi ba sai ya yi gudaji mai ɗaci wanda kaɗi ba ya fasawa. Cokalin gora, chashaku, kowanne ma ya yi. Ɗiba ɗaya da rabi zuwa biyu ke ba da giram 2. Kada ya taɓa ruwa, da busasshen ƙyalle ake goge shi, in ba haka ba lanƙwasar bakinsa za ta miƙe.

Kayan kirki ma hannu na iya kashe su. Kafin kaɗi a jiƙa tsinkayen chasen a ruwan ɗumi su yi laushi, a duba ko akwai karyayye. Da wuyan hannu ake kaɗawa, gaba da baya da sauri na daƙiƙa 15 zuwa 20, ba tare da danna shi a ƙasan kwano ba. Juyawa a da'ira ba ya tada kumfa. Bayan an gama a ɗauraye da ruwa zalla, ban da sabulu, a ɗora shi a kan kusenaoshi, ɗan mazaunin tangaran da ke riƙe masa siffarsa. Mayar da shi cikin robar da ya zo da ita yana jiƙe na jawo fumfuna, musamman da damina. Da hunturu kuma bushewar iska kan tsaga mariƙin, don haka a nisanta shi da rana da bakin taga. Ƙaramar tsaga a mariƙi ba ta hana aiki, amma da zarar tsinkaye sun fara karyewa, a sayi sabo.