Yini guda a gidan tarihin Riverside, bakin kogin Clyde

Ɗana da ke karatu a birnin Gilasgo na Scotland ne ya matsa sai mun je. Ni da gidajen tarihi ba mu cika shiri ba, amma da ya ce ba a biyan ko sisi a ƙofa, na ce to mu je.

Ginin yana daidai inda ƙaramin kogin Kelvin ya faɗa cikin Clyde, a filin da kamfanin A. & J. Inglis ya taɓa ƙera jiragen ruwa. An buɗe shi a 2011, Zaha Hadid ce ta zana shi. Akwai tsofaffin motoci da jiragen ƙasa jingim, waɗannan na wuce su da sauri. Inda na kafe shi ne wajen ƙananan samfurin jiragen ruwa da ke zagayawa a hankali cikin gilashi. Kowace igiya, kowace 'yar taga an fitar da ita. A wannan kogin aka ƙera babban jirgin fasinja Queen Mary, aka saukar da shi ruwa a 1934, haka ma jirgin Queen Elizabeth 2 (QE2) a 1967, duka a masana'antar John Brown da ke Clydebank.

A waje kuma Glenlee ke ɗaure, jirgin dakon kaya mai filafilai na 1896. Mun sauka har cikinsa. Sanyin ƙarfen da warin tsohon katako suka sa na tausaya wa matuƙan da suka yi watanni a ciki. Gadajensu kamar akwatin lefe, mutum ba ya iya miƙe ƙafa sosai.

Da muka fito, yaron ya nuna min tsallaken ruwa, can gaba da unguwar Govan, ya ce, "Baba, a Linthouse ɗin can aka ƙera Aureol." Wato jirgin kamfanin Elder Dempster na 1951 da ya yi ta jigilar mutane tsakanin Legas da Liverpool. Kawuna a cikinsa ya tafi Ingila karatu, kuma har ya rasu bai daina ba da labarin amai da ya sha a teku ba. Na daɗe ina kallon wajen. Kogin shiru, sai tsuntsaye.

Kuskurena ɗaya, na fito da riga mai shara-shara, iskar bakin ruwan nan kuwa ba ta san dattijo ba. Wanda zai je ya ɗauki rigar sanyi, ya kuma ware awa uku aƙalla.