Shinai na gora ko na kabon: wanne ya dace da rumfar kendo a bikin jami'a

Daga Oktoba zuwa Nuwamba jami'o'in Jafan ke yin bikinsu na shekara, wanda suke kira gakuensai. Na Waseda yana zuwa farkon Nuwamba, na Keio da na harabar Komaba ta Jami'ar Tokiyo kuma can wajen ƙarshen wata. A irin waɗannan bukukuwa, da makamantansu a jami'o'in wasu ƙasashe, ƙungiyar 'yan kendo, wato wasan takobi na Jafan da ake yi da sanda, kan nuna wasa, wani lokaci har ta ba baƙi dama su gwada. A nan kayan aiki ke shan wahala, domin hannun da bai saba ba yana dukan sanda kamar mai faskare.

Sandar ita ce shinai. Tsagin gora huɗu ne aka haɗa, aka rufe bakin da hular fata, aka sa wa gindin doguwar rigar fata ta riƙo, sannan tsirkiya ta haɗa su biyun ta bayan sandar. Akwai kuma wani ɗaurin fata, nakayui, da ke zama wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon sandar daga baki. Ta ɗalibin jami'a ita ce mai lamba 39: tsawonta ba ya wuce santimita 120, nauyinta ba ya kasa giram 510 ga namiji, 440 ga mace, ban da faifan kare hannu. Kaurin bakin kuwa aƙalla milimita 26 ga maza, 25 ga mata. Wannan ƙa'idar kauri ba ado ba ce. Kwalkwalin kendo yana da ragar ƙarfe a fuska, siririn baki ko tsagin da ya ɓalle yana iya kutsawa ta tsakanin ƙarafan ya sami ido.

Mai araha a kasuwa ita ce ta gorar keichiku, wadda asalinta daga Taiwan ne. Gaskiya tana yin aikinta. Ba ta da nauyi a hannu, tana lanƙwasa kaɗan idan ta sauka, kuma ƙarar da take bayarwa, wannan "fas!" mai daɗi, ita ce ke tsayar da masu wucewa. Aibinta saurin bushewa. Sabuwa fil daga shago ba a fara duka da ita. Sai an kwance ta, bayan an sa wa kowane tsagi alama a gindi don kada a rikita jerinsu, a bi kaifin gefuna da sanfefa mai laushi har su yi sumul, a shafa man tsirrai kaɗan da tsumma, a ajiye kwana biyu ko uku, a goge ragowar kafin a mayar. Wasu kan ƙara goga kyandir a gefunan don tsagin su riƙa zamewa a jikin juna maimakon cizo. Wanda ya tsallake wannan aiki zai ga sartse ya tashi tun ranar farko. Kuma duk wanda zai kawo shinai wurin da ake hunturu irin namu, ya ninka shafa man, don busasshiyar iska tana tsaga gora ko ba a taɓa ta ba. A bar ta a mota cikin rana kuwa, an gama da ita.

Akwai ta gorar madake, mai tsada, ƙwayarta a matse, ta fi jure duka. Kaya ne mai kyau, amma asara ce a miƙa wa baƙo.

Sai ta kabon, wadda ake yi da zaren kabon maimakon gora, kamfanin Hasegawa ke ƙera ta. Ba ruwanta da mai ko sanfefa, bushewa ba ta damunta, kuma tana daɗewa ƙwarai fiye da gora. Kuɗin guda ɗaya zai sayi na gora masu yawa. A takarda kamar ita ce maganin rumfar biki, amma da sauran magana. Dukanta ya fi zafi ga wanda ya karɓa, musamman a wuyan hannu, kuma girgizar tana komawa gwiwar hannun mai dukan. Ƙararta ma a dushe take. Tana buƙatar robar baki (wadda ake cusawa tsakanin tsagin a ƙarƙashin hula) irin tata, ba a ɗauko ta shinai na gora a cusa. Abin da ya fi haɗari shi ne sakacin da take jawowa: mutane na ɗauka ba ta lalacewa, sai su daina dubawa. Alhali da zarar rufin waje ya cinye har baƙin kabon ya leƙo, ko tsagi ya nuna tsaga, ta tashi aiki.

A ganina rabon ya fi kyau a yi shi haka. Baƙi su riƙe na keichiku, a tanadi shida ko takwas, biyu daga ciki ƙanana masu lamba 36 ko ƙasa saboda yara. Ta kabon guda ɗaya ta zama abin da ake duka: ɗan ƙungiya ya riƙe ta a kwance da hannu biyu, daidai tsayin kai, baƙo ya sauke tasa a kai. Ba a sa baƙo ya doki kan mutum ko da mutumin na sanye da cikakken sulke, domin sabon hannu bai iya tsayar da duka ba, ƙarfinsa duka yake zubawa. Abin lura ɗaya, kabon yana cin gorar da ke dukansa, don haka bayan kowane mutum goma a karɓi sandar a bi ta da yatsa daga baki zuwa nakayui. An ji sartse, a canza. Ba a naɗa salatif, ba a liƙa da gam. A taɓa tsirkiya ma: idan ta saki, hular baki na iya ficewa, tsagin huɗu su buɗe tsirara.

Wuri kan ba masu shiri kunya. Mutum mai matsakaicin tsayi ya ɗaga shinai sama da kansa, bakinta ya kusa mita uku, ajin karatu mai fitilu a rataye ba zai yi ba. Daɓe kuma na katako ake so, saboda ana wasan ba takalmi, ana buga ƙafar dama da ƙarfi a ƙasa. A kan siminti diddige ke kumbura, gara a rage bugun ƙafar ko a nemi zauren motsa jiki.

Takobin katako, bokuto, na nuna kata ne, wato tsararrun jerin motsi goma na kendo, bakwai da dogo, uku da gajere, tsakanin mutum biyu da suka san tazararsu. Itace ne mai tauri da ba ya lanƙwasa. Idan an gama nunawa a mayar da shi jaka a zuge, kada a bar shi kan tebur inda hannun baƙo zai kai.