Kafin ka ɗora bidiyon darasi a sabar jami'a: da me za ka rage masa nauyi, wane memori za ka saya

Malami ko ɗalibin da ke zaune a Ringim, Gumel ko wani ƙauye a bayan Dambatta, da zarar an ce ya ɗauki bidiyon darasi ko na gwajin koyarwa ya ɗora a sabar jami'a, abin da yake fara yi shi ne sayen data mai yawa. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Matsalar tana ga nauyin fayil ɗin. Wayoyi da yawa idan suna ɗauka a 1080p, kowane minti yana cin kusan megabait 130, wato darasin awa guda ya doshi gigabait 8. Da sabis mai tura megabit 2 a daƙiƙa (megabit 8 ne ke yin megabait 1), wanda a ƙauye sai an yi dace, aikin kusan awa tara ke nan, in ma bai yanke ba. Wannan darasin dai, idan aka matse shi zuwa megabait 450, rabin awa ya ishe shi.

Hanyoyin matsewa huɗu mutane suka fi bi, kuma ɗaya ce kawai muke iya tsaya wa. Shafukan intanet masu cewa za su rage maka nauyi kyauta, sai ka fara tura musu gigabait 8 ɗin nan tukuna, to me aka yi ke nan? Tura wa kai ta WhatsApp kuwa yana rage nauyi, amma rubutun allo yakan dushe har ɗalibi ya kasa bambance 3 da 8. Manhajojin matse bidiyo na waya suna da rana idan bidiyon bai wuce minti biyar ba. Ga dogon darasi sai zafin waya, da talla, da tambarin da wasu ke manna maka a kusurwa.

HandBrake ita ce zaɓinmu. Manhajar kwamfuta ce, kyauta, tana nan tun 2003, kuma ba ta buƙatar intanet lokacin da take aiki. Ko laftop ɗin aro ne ya isa, matuƙar Windows 10 ce ko sama. A shafinta na ainihi kaɗai za ka sauke ta, handbrake.fr, kuma ka haɗa da .NET Desktop Runtime, wata manhajar Microsoft da take dogara da ita, tun kana inda sabis yake da ƙarfi, domin ba za ta buɗe ba sai da shi. Kada ka biya kowa kuɗin "lasisi".

Ga yadda ake saita ta. Ka jawo bidiyon ka saka, ka zaɓi Fast 720p30. Tsarin fayil ya zama MP4, ka danna akwatin Web Optimized. Wannan ɗan akwatin mutane suna raina shi, alhali shi ne ke dawo da bayanan jagoran fayil ɗin daga ƙarshe zuwa farko, ta yadda bidiyon zai fara wasa kafin ya gama sauka. In babu shi, a wasu sabobin ɗalibi zai yi ta kallon da'ira tana juyawa datarsa tana tafiya. A sashen Video ka bar salon matsewa a H.264, kada H.265 ya ruɗe ka don fayil ɗinsa ya fi ƙanƙanta. Tsofaffin wayoyi da wasu burauza ba sa buɗe shi. Lambar RF kuwa, wato ma'aunin ingancin hoto, duk hawanta fayil na raguwa, kyan hoto ma na raguwa. Ga malami a tsaye gaban allo, 24 ta wadatar. In akwai ƙananan rubutu ko lissafi, ka sauko 22. Sannan ka zaɓi Constant Framerate. Waya tana sauya yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa gwargwadon haske, kuma wannan ne yakan sa bayan minti ashirin ka ga baki na motsi daban, murya na zuwa daban. Sauti ka sa AAC, Mono, lambar Bitrate kuma 64 ko 96. Muryar mutum ɗaya ba ta buƙatar fiye da haka.

Kada ka saki aikin awa guda gaba ɗaya kafin ka gwada. Ka matse minti biyu kawai, ka tura a ƙaramar waya, ka duba ko allo na karantuwa. Kuma a jone da wuta ko sola za ka yi, domin matsewa na shanye batir, in ya mutu a tsakiya daga farko za ka koma.

Wajen ɗorawa, ka fara tambayar sashen kwamfuta na jami'arku abu biyu: iyakar nauyin da sabar ke karɓa, da ko suna ba da shiga ta SFTP, wato hanyar tura fayil kai tsaye cikin saba ba ta burauza ba. In suna bayarwa, manhajar tura fayil mai suna FileZilla za ta iya ci gaba daga inda sabis ya yanke. In ta burauza ce kawai, ka raba darasin gida uku ko huɗu, minti 15 zuwa 20 kowanne, ka sa suna da haruffan boko da lamba zalla, ba tazara, ba ƙ, ɗ ko ɓ, don wasu sabobin na tuntuɓe a kansu. Bayan sallar asuba sabis ya fi sakin jiki.

Duk wannan kuwa aikin banza ne idan memorin da ka ɗauka a kai jabu ne, kuma a nan ne muka fi so a buɗe kunne. Jabun memori ba ya nuna kansa. An taɓa ƙwaƙwalwarsa ne ya riƙa faɗa wa waya cewa shi gigabait 64 ne, alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Ranar farko lafiya lau, hotuna na buɗewa, waƙoƙi na tashi. Sai ka wuce ainihin cikinsa, daga nan duk abin da ka zuba ko dai ya bi iska ko ya hau kan na baya. Sunan fayil na nan, nauyinsa na nan a rubuce, ka danna ya ce ba zai buɗe ba. Ga bidiyo abin ya fi muni, domin waya sai a ƙarshen ɗauka take rubuta jagoran fayil ɗin MP4. In wannan ya ɓace, darasin gaba ɗaya ya tafi, ba wai rabinsa ba. Ɗaliban da aka tara, da allon da aka cika da rubutu, sai a sake sabon zama.

Kwali ba hujja ba ne. Ana buga sunan manyan kamfanoni a jikin jabu tsaf, har da ɗan tambari mai ƙyalli. Mai shagon ma sau da yawa bai sani ba, yadda aka sayar masa ya sayar. Haka nan in ya saka a waya ya nuna maka "64GB" a allo, bai nuna maka komai ba, ƙaryar da memorin ke yi ce wayar ta maimaita. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna alama ce babba. Araha ba ta ado. Filashi ma haka ake yi masa, musamman waɗanda ake rubuta wa terabait 1 ko 2 a kan kuɗi ƙalilan.

Abin da ke tona asiri shi ne H2testw, ƙaramar manhajar Windows ta kyauta. Tana cika memorin da bayanai har baki, sannan ta karanta su ta ga ko sun dawo daidai. Ga mai gigabait 64 da ke rubuta megabait 10 a daƙiƙa, rubutun kaɗai zai ci kusan awa biyu, don haka ku yi magana da mai shago tun kafin ka biya: "Alhaji, zan je in gwada, in ya faɗi gobe zan dawo maka da shi." Wanda ya ƙi wannan sharaɗin, ka gode masa ka ƙara gaba. Amma kada ka zargi bawan Allah a banza: memori na gaskiya mai 64 yakan nuna kusan 59 a kwamfuta, wannan bambancin lissafi ne, ba cuta ba.

In za ka saya, mai 32 ko 64 ya isa, mai alamar U3 ko V30 a jiki, wato zai riƙe rubutun megabait 30 a daƙiƙa. Ka duba tsarinsa kuma: FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, shi ya sa filashi zai ce maka "ba wuri" alhali fanko ne. Ka kwashe abin da ke ciki, ka mayar da shi exFAT kafin ranar ɗauka.