FINIS Tempo Trainer Pro: agogon da ke bin saurinka, ga ɗan tirayatalon mai nawa a ruwa

Duk jadawalin atisayen ninƙaya da ka ɗauko na 'yan tirayatalon, wato gasar nan da ke haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu a jere, sai ka ci karo da layi irin wannan: mita 100 sau 10, tashi duk 1:45. Ma'ana, duk bayan minti ɗaya da sakan 45 za ka saki bango, ka huta ko ba ka huta ba. Mai cinye mita 100 a 1:30 yana samun sakan 15 ya sarara. Mai cinye ta a 2:28 kuwa, lokacin tashi na biyu zai same shi bai ma kai mita 75 ba. Daga nan atisayen ya tashi daga zango-zango ya koma ninƙayar mita 1,000 a ja ɗaya, ana haki, hannu na mutuwa, ƙafa na nutsewa. Ba laifin mai ninƙayar ba ne. An ɗinka rigar ce da awon wani.

Tempo Trainer Pro, wata 'yar na'ura ta kamfanin FINIS na Kaliforniya, tana cikin abubuwan da ke magance wannan matsala, amma sai an san yadda za a saita ta. In ba haka ba, ta zama wani sabon agogon da zai riƙa tsere maka.

Ita dai aba ce zagayayya, ruwan ɗorawa, ƙarama ainun, mai allon lambobi da maɓallai uku. Ana cusa ta cikin hular roba, ko a maƙala ta da 'yar maƙalarta a igiyar tabarau. Aikinta ɗaya tak: ta yi ƙara a duk tazarar lokacin da ka sa mata. Ba ta ƙirga tsayi nawa ka yi, wato sau nawa ka je daga bango zuwa bango, ba ta ajiye komai, ba ta haɗuwa da waya. Saiti uku gare ta. Na farko yana yin ƙara sau ɗaya, ana kuma daidaita shi har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, iyakarsa sakan 99.99. Na biyu yana yin ƙara sau uku a jere, da cikakkun sakan, har zuwa minti 9:59. Na uku yana yin ƙara daidai da yawan jan hannun da ka sa masa a minti. Maɓallai biyu na ƙara lamba da rage ta ne, na saman kuma shi ke sake fara ƙidaya daga sifiri, kuma yana dannuwa ta saman hula ba sai an cire ta ba.

Kafin a taɓa maɓalli, sai an samo lambar da za a sa. Hanyar da ta fi karɓuwa ita ce gwajin CSS, wanda kocin nan na kamfanin koyar da ninƙaya na Swim Smooth da ke Perth ta Ostareliya, Paul Newsome, ya yaɗa a tsakanin 'yan tirayatalon. CSS shi ne kusan saurin da mutum zai iya riƙewa na dogon zango, kamar mita 1,500, ba tare da ya karye ba. Ga yadda ake yi. Ka wasa jini na minti 10 zuwa 15. Ka ninƙayi mita 400 iya ƙarfinka, a ɗauki lokaci. Ka huta sosai, minti 5 zuwa 10 kana ɗan motsawa a ruwa. Sai mita 200 iya ƙarfinka. Ka cire lokacin 200 daga na 400, ka raba biyu, ka samu saurin mita 100. In ka raba takwas, ka samu na tsayi ɗaya a kwamin ninƙaya mai mita 25.

Misali: 400 a 9:20, wato sakan 560, 200 a 4:24, wato sakan 264. Bambanci 296. Rabinsa 148, wato 2:28 a kowace mita 100. Kashi ɗaya cikin takwas, sakan 37.00 a kowane tsayi. Wannan 37.00 ita za ka sa a saiti na farko. Ka saki bango da ƙara, ka taɓa ɗaya bangon da ƙara ta gaba. In ƙarar ta riske ka saura taku biyu, ka makara. In ka juya ka yi nisa kafin ta yi, ka yi gaggawa.

Gaggawar ce ma ta fi yawa, kuma nan ne na'urar ta fi biyan kuɗinta. Mai nawa a ruwa kusan kullum yakan yi tsayin farko a sakan 31 ko 32, don jiki na da sabon ƙarfi, sai na huɗu ya faɗo 41. Agogon bango ba ya nuna wannan, jimla kawai yake bayarwa. Ƙarar kunne kuwa tana tona asiri tun daga bangon farko. Yawancin masu fara amfani da ita sukan ga kamar ta cika sanyi a mita 50 na farko. Kada a taɓa ta. Zuwa zango na shida ita za ta riƙa jiranka a bango.

Akwai tarko a gwajin kansa. In ka yi sanyin jiki a mita 200, lissafin zai ba ka saurin da ba naka ba. A misalin nan, da 200 ɗin ta zo a 4:34 maimakon 4:24, bambancin zai koma 286, CSS ya zama 2:23. Sakan biyar a kowace mita 100 ba wasa ba ne. Zango uku ko huɗu za ka yi ka ƙone. Haka kuma in ka fita da wuta a 400 ka mutu a rabin ƙarshe, lambar za ta fito da sanyi fiye da kima. Alamar gwaji mai kyau ita ce saurin 200 ya fi na 400 da 'yan sakan kaɗan a kowace mita 100, kuma rabi biyun 400 ɗin su yi kusa da juna.

To, yaya za a yi da wancan layi na mita 100 sau 10 a 1:45? A daina kallon mita, a kalli minti. Abin da marubucin jadawalin ke nufi shi ne aikin sakan 90, hutun sakan 15, na tsawon minti 17 da rabi. Hutun kashi ɗaya ne cikin shida na aikin. Jiki ba ya sanin mita, lokacin da ya ɗauka yana wahala ya sani. Ga mai 2:28, mita 75 na cin sakan 111. Kashi ɗaya cikin shida na wannan ya kusa 19. Jimla 130, wato 2:10. Sau 8 ya ba da minti 17 da sakan 20. Ke nan fassarar layin a wurinsa ita ce mita 75 sau 8, tashi duk 2:10. Ko kuma mita 50 sau 12, tashi duk 1:25, in hannu ya saba lalacewa bayan tsayi biyu. Mita 600 ke nan maimakon 1,000, kuma babu abin kunya a ciki, don zuciya da huhu sun yi aikin da aka nufa. Wanda ya nace sai ya cika 1,000 da hutun da ya dace zai kwashe fiye da minti 28 a wannan sashe kaɗai, ya cinye lokacin gyaran hannu, gobe kuma ga keke na jira.

Nan ne aibin na'urar na farko ke fitowa: lamba ɗaya take riƙewa a lokaci guda. Ba za ta ba ka ƙarar kowane tsayi ta kuma ba ka ƙarar tashi ba. Masu sauri suna kauce wa wannan da dabarar hutun ƙara ɗaya: in sun gama zango sai su bar ƙara guda ta wuce, su tashi da ta gaba. Ga mai sakan 22 a tsayi, hutun 22 ne, daidai. Ga mai 37.00, hutun ya zama sakan 37, wanda ya ninka abin da ake so a zangon 75 ko 100. Bugun zuciya zai sauka, atisayen ya rasa yajinsa. Wannan dabara sai a ajiye ta ga zangon mita 300 ko 400.

Mafita biyu ce. Ta farko, ka bar ta a 37.00, in ka taɓa bango ka ƙirga hutun sakan 15 zuwa 20 da agogon bango, ka danna maɓallin sama daidai lokacin da za ka tashi. Ta biyu ta fi daɗi in babu agogo: ka raba lokacin tashin gaba ɗaya da yawan tsayi. Ga 75 a 2:10, sakan 130 raba uku, 43.33. Yanzu ba tare za ku riƙa isa bango ba, kai ne za ka riƙa gabatar ƙarar da kusan sakan shida a kowane tsayi, abin da ka tara kuma shi ne hutunka. Ƙara ta uku ita ce ta tashi. Ga mita 100, sa 41.00 ya ba da tashi duk 2:44, hutun sakan 16. Illar wannan hanya ita ce tana kwaɗaita gaggawa, don mutum yakan so ya tara hutu mai yawa. In hutun zango na farko ya kai 25 na ƙarshe kuma ya dawo 6, ka san ka ci bashin da ka kasa biya.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne tsayin kwami. Jadawalin da ya fito daga Amurka galibi da yadi ake rubuta shi, yadi 100 kuma mita 91.44 ne. Tashi duk 1:45 a yadi ya yi daidai da kusan 1:55 a mita. Sannan ba kowa ke da kwamin mita 25 ko 50 ba. Wanda ke atisaye a kwamin otal zai iya samun mita 15, 18 ko 20. A auna shi da tef, kada a yarda da ƙiyasi. CSS na 2:28 yana nufin sakan 1.48 a kowace mita, don haka kwamin mita 18 zai ɗauki 26.64. Agogon hannu da yawa suna karɓar irin wannan tsayi, amma saiti na farko na wannan na'ura ya fi sauƙin sarrafawa a nan. A tuna dai gajeren kwami yana ƙara yawan tunkuɗa bango, don haka yana ƙawata lamba. A yi gwajin a kwamin da za a riƙa atisaye a ciki. A kwamin mita 50 kuwa sai a sa 74.00.

Amfanin waɗannan ƙananan lambobi na bayan ɗigo yana bayyana wajen ci gaba. Rage 0.25 daga 37.00 ba a jin sa a jiki, amma sakan ɗaya ne a mita 100, sakan 15 a mita 1,500, wato nisan ninƙayar tirayatalon na Olamfik. In ka kammala atisaye biyu a jere ba tare da ƙarar ta riga ka ba, ka rage 0.25. In ta riga ka a zango uku na ƙarshe, ka bar lambar yadda take. Bayan mako huɗu zuwa shida a sake gwaji. Saiti na biyu ba zai iya wannan ba, don tsallensa cikakken sakan ne a tsayi, wato sakan huɗu a mita 100, abin da ya yi wa kowa yawa. Shi amfaninsa ƙarar tashi kawai, ko dogon zango na minti biyar ko takwas.

Saiti na uku yana buƙatar hattara. Masu nawa da yawa sun ji ana cewa a miƙe hannu a sulale, sai suka wuce gona da iri: hannu ya tsaya a gaba, gudu ya mutu, ƙugu ya nutse. Mai jan hannu 30 a tsayi ɗaya cikin sakan 37, in an cire kamar sakan uku na tunkuɗa bango, yana yin kusan 53 a minti. A sa 53 a yi mita 50 sau huɗu, sannan 55, sannan 57, ana ƙirga jan hannu a kowane tsayi. Muddin ƙidayar ba ta ƙaru da fiye da ɗaya ko biyu ba, an samu riba. In ta tashi daga 30 zuwa 35, hannu na zamewa ne kawai a ruwa ba ya kama komai, a koma baya. Ganin zakarun gasa na haura 70 ba dalili ba ne na tsallakawa can a mako guda. Kafaɗa ce za ta biya. A tafki ko teku, inda babu bango, wannan saitin ne ya fi ma'ana.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne amma na gaske. In aka maƙala ta a igiyar tabarau, ƙarar takan ɓace cikin fantsamar ruwa. A cikin hula, a kan ƙashin bayan kunne, ta fi fita. Hular da ta saki takan bar ta ta zame wajen tunkuɗa bango, sa'a dai tana yawo a saman ruwa. Allon ƙarami ne, da tabarau mai hazo ba a karanta shi. Batirin irin mai faɗin nan ne na makullin mota, ana canza shi, sai dai a tabbatar robar murfin ta zauna daram babu yashi ko gashi, don nan ne ruwa ke samun hanya. A ɗauraye ta da ruwan famfo bayan kowane atisaye. Kuma tunda ba ta ajiye tarihi, sai an riƙe ɗan littafi. Agogon Garmin da ire-irensa sun fi ta a nan, sai dai kuɗinsu ya ninka nata nesa ba kusa ba.

Wa ya kamata ya saya? Wanda ke iya mita 400 ba tsayawa, saurinsa na tsakanin 2:00 da 2:50, yana atisaye shi kaɗai da jadawalin da aka rubuta wa waɗanda suka fi shi: wannan zai ga amfaninta tun makon farko. Mai fargabar wa'adin gama ninƙaya a Ironman, wato gasar tirayatalon mai dogon zango, ma tana kwantar masa da hankali, don awa 2 da minti 20 na mita 3,800, ko awa 1 da minti 10 na mita 1,900 a rabin Ironman, duk suna faɗawa kan 3:41 a mita 100, wato kusan sakan 55 a tsayin mita 25. Ya sa wannan lamba ya gani da idonsa ratar da ke tsakaninsu. Wanda kuwa har yanzu yake kama bango bayan kowane tsayi biyu don numfashi, gwajin CSS ba zai ba shi lamba mai ma'ana ba. Kuɗin ya fi dacewa da darasi uku ko huɗu wurin koci a kan fitar da numfashi cikin ruwa da ɗaga ƙugu, na'urar ta jira sai ya iya haɗa tsayi 16 a jere.